Takabar da Na Yi da Jamusanci a Bakina

Da sunan Allah da ya bar ni da rai da hankali har na kawo yau, zan faɗa muku abin da ya faru a shekarar da mahaifinku ya rasu. Binta autata ce ke rubutawa, don ni ko alif ban iya ja ba, abin da kunnena ya riƙe shi ne littafina. Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin mutanen Ƙofar Kibo, wai Ramatu ta yi takaba tana yaren Nasara da ɗan farinta, har ana jin dariyarsu ta kan katanga. Ba ƙarya suka yi ba. An yi yaren, an kuma yi dariyar. Dalilin ne ba su gaya muku ba, domin ba su san shi ba, ni kuma ban taɓa zama na faɗa ba sai yau.

Ku 'yan yanzu kuna rungumar ɗan fari a gaban surukai, kuna kiran sunansa har makwabta su ji. A zamaninmu ba a yin haka. Da na haifi babban yayanku, ko nono sai na saki labule kafin in ba shi, in wani ya yi sallama in ture shi gefe kamar ajiyar wata. Da aka yaye shi sai Goggonku Asabe, yayar mahaifinku, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Ƙofar Gayan. Ban yi kuka a gaban kowa ba. Madafa na shiga na cusa ɗanyen itace a murhu, don duk wanda ya ga idona ya ce hayaƙi ne. Tun ranar suna bakina bai furta sunansa ba. In zance ya kama sai in ce yaron nan, ko na wajen Goggo. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ya yi makaranta, ya wuce jami'a, ya zama likita. Ranar da ya fara shigowa gidan nan da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya, mata suka cika tsakar gida da guɗa, ni kuwa ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba. Ta cikin ramukan rariya na gan shi. Wannan kunyar ce ta sa aka san ni a unguwa. Ba amaryar da za a kai ɗaki ba a kawo ta na yi mata faɗa ba, ana cewa ta koyi kamun kai wurin Ramatu.

Mahaifinku Malam Ɗahiru maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu. In ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya miƙe ƙafa ɗaya ya ɗora riga a gwiwa, sai azahar ta tashe shi. Shi yake zana aska takwas a ƙirjin riga, ya turo mini cikin gida in cike masa wasu wuraren. Mutum ne mai sauƙin kai a komai ban da abu ɗaya, ba a gaya masa yadda zai yi da cikinsa. Mazarƙwaila ce abar ƙaunarsa. A koko da safe, a aljihu da rana, in allura ta gajiyar da shi ya gutsura ya jefa a baki. Sai ƙishirwa ta fara damunsa, ya riƙa ramewa, ido ya dushe har sai na zura masa zare a allura. Yayanku ya auna shi ya ce ciwon suga ne. Ana nan sai Malam ya taka allura, ta kwana a tafin ƙafarsa bai ji ba, wurin ya kumbura ya fara ruwa.

Ina bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida ranar da yayanku ya zo yi masa magana. Daga bakin ƙofa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Baba, da za a daure a rage zaƙin nan, da ya fi."

"Madalla. Sai kuma me?"

"Sai ƙafar nan. In an ga da hali, ko za a leƙa asibiti a duba ta. Azumi kuma ga shi ya matso, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame."

"Likita, ƙafar nan ta daɗe tana ɗauke da ni kafin a haife ka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Allah ya yi maka albarka. Tashi kada ka makara wurin aiki."

"To, Baba."

Wannan "To, Baba" ita ce ba ta bar kunnena ba har yau. Ya san abin da ke cikin ƙafar nan, ya san inda za ta kai, amma harshensa bai iya ɗaukar kalmar da ta fi wannan nauyi a gaban mahaifinsa ba. Ni ma ina tsaye a bayan labule, taku kaɗan ne tsakanina da shi, ba ni da bakin ce masa koma ka sake faɗa. Malam ya ɗauki azumi, yana buɗe baki da kunu mai zaƙi. Sai da ya daina gane mutane sannan aka ɗauke shi a mota, lokacin ciwon ya riga ya shiga jini. Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Binta, dakata in share idona. Shekarun nan duka ba su rage komai ba. Har yanzu in na ji an shimfiɗa buzu a zaure sai zuciyata ta ce shi ne.

To, tun kafin ciwon Malam ya yi tsanani an zaɓi yayanku ya tafi Jamus ya ƙaro ilimi a kan wannan ciwon na suga. Sharaɗin shi ne sai ya ci jarrabawar baki da Jamusanci a Legas, inda za a zaunar masa da mutum a matsayin mara lafiya, ya yi masa bayani ana saurare. Wata tsohuwar Bajamushiya ce take koya masa, Madam Irma, wadda ta yi aikin jinya a ƙuruciyarta, ta auri ɗan ƙasar nan ta zauna a Tukur-Tukur. Kullum bayan la'asar sai ya hau babur ɗinsa ya tafi wurinta. Ya je Legas sau ɗaya kafin azumi, ya faɗi jarrabawar, aka ce saura dama ɗaya, in ya sake faɗuwa a ba wani gurbin. Da Malam ya rasu sai ya tattara littattafan ya ajiye, ya ce ya haƙura. Goggo Asabe ta ce alhamdu lillahi, dama me aka rasa a Zariya.

Ina cikin takaba, zaune a ɗaki da Goggo, sai aka ce ga wata Baturiya ta zo gaisuwa. Ta shigo da zani ɗaure a karkace da mayafi a kai, ta zauna a tabarma, ta yi ta'aziyya da Hausarta mai ɗan tsami amma ana ganewa. Da ta gama sai ta dube ni.

"Ɗanki ya daina zuwa karatu."

Na sunkuyar da kai, don ba a taɓa ce mini haka a fuska ba. Goggo ta karɓe.

"Ɗana ne, Madam. Kuma ya bari. Ai kun kayar da shi."

"Ba ni na kayar da shi ba. Kansa cike yake, babu kalmar da bai sani ba. Amma sun zaunar masa da tsoho mai farin gemu, sai ya dubi ƙasa. Inda zai ce dole ne, sai ya ce ko za a so. Inda zai ce an hana, sai ya ce da za a daure."

"Au, ladabi ne ya kayar da shi? To Allah ya ƙara masa irin wannan faɗuwar."

"Hajiya, a can in likita ya ce wa tsoho ko za ka so, tsoho zai ce ba na so, ya koma gida ya mutu. Ba za su ba shi marasa lafiyarsu ba."

Madam ba ta san abin da ya faru a zauren gidan nan ba, ta faɗi abin da ta sani ne kawai. Ta ci gaba da cewa ta gwada zama masa mara lafiya, amma ita ba ya jin nauyinta, malama ce kuma baƙuwa, yana gaya mata komai tsaf. Abin da yake bukata shi ne ya gwada a kan wanda ya fi jin nauyinsa a duniya. Goggo ta yi dariya ta ce ita dai ba ita ba ce, don ita ta wanke masa kashi, har tsiya yake mata a kan goro. Sai idon Goggo ya zo kaina ya yi sauri ya kauce. Madam ta yi sallama ta tafi.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Rigar da Malam ya bari bai gama ba tana hannuna ina cikewa, allura tana shiga tana fita, ni kuma ina auna abin da zan rasa. Na san in na zauna da shi an gama kawo mini amare. Na san abin da Goggo za ta ce. Na kuma san in ya ci jarrabawar zai tafi ƙasar da ban san ko ta gabas take ko ta yamma ba. Amma duk inda na juya sai in ji "To, Baba." Sai na ga nan gaba wani tsohon zai zauna a gabansa da ruɓaɓɓiyar ƙafa, a Zariya ko a Jamus, shi kuma ya durƙusa ya ce da za a daure.

Da safe yakan zo ya gaishe ni daga bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango, ya wuce. Rannan da ya gama gaisuwar ya juya, sai na ce,

"Shigo."

Ya tsaya yana waige ko da wani nake.

"Da kai nake. Shigo ka zauna. In ka taso aiki ka zo da littattafan nan. Ni ce mara lafiyar."

"Yaya, ai na bar wannan maganar."

"Ni ban bar ta ba."

Haka muka fara, kullum bayan la'asar, ƙofa a buɗe. Da farko a karkace yake zama yana fuskantar bango, ni ma ina fuskantar nawa, kamar masu gaba. Ya ce kalmomi shida ne ginshiƙin maganar likita da mara lafiya a yaren. Binta, rubuta su yadda bakina ya faɗa, kada ki je ki tambayo yadda suke a littafi. Akwai moshtan, ita ce ta lallashi, ko za a so. Konan ta iyawa ce, bolan ta abin da mutum ya nufa, zolan kuma ta ya kamata. Sai manyan biyu, durfan ta izini, wadda in aka bi ta da nisht ta zama an hana, da musan, wadda take dole. Na ce masa ashe allurai ne, akwai ta siliki akwai ta ɗinke buhu, kowace da irin ƙyallen da take huda. Ya ce haka ne. Ni da na haddace surorin salla da ka, waɗannan ba su ba ni wuya ba. Ya koya mini abin da mara lafiya ke cewa: ish kan nisht, ba zan iya ba, ish bil nisht, ba na so, mus ish, dole ne sai na yi? In ya faɗi doguwar magana sai ya fassara mini, in zaɓi amsar da zan ba shi.

Wata rana ya ce in sha magani da safe da yamma, sai na tuna yadda wata tsohuwar makwabciyarmu ke murguɗa baki in an kawo mata tuwon da bai yi mata ba. Na murguɗa nawa haka, na kau da kai, na ce ish bil nisht. Sai dariya ta ƙwace masa. Ban taɓa jin dariyarsa a kusa ba tun yana goye. Irin ta Malam ce sak, mai farawa ta hanci. Na yi dariya ni ma har hawaye suka zo, daga nan kuma ban san inda dariyar ta ƙare kukan ya fara ba. Wannan ce dariyar da aka ji ta kan katanga.

Ba a kwana biyu ba Goggo ta iso, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta same mu a zaune. Ta ce masa ya ba mu wuri, ya fita.

"Ramatu, ƙasar kabarin ƙanena ba ta bushe ba kike ɓaɓɓaka dariya da yaren da ba a salla da shi? Kuma da wa? Kunyar da aka san ki da ita fa, kin kai ta kasuwa?"

"Goggo, kunyar nan mun yi ta, ni da shi. Da ita muka raka Malam."

"Kwana ne ya ƙare."

"Kwana ne ya ƙare, ban musa ba. Amma ba a gaya masa ba."

"Ke kika haifa, ni na raina. Ke ba ki san zazzaɓinsa ba, ba ki san abin da yake ci in ya yi fushi ba. Yanzu da ya zama mutum za ki ɗauke shi ki miƙa wa Turawa, ni in mutu a ɗaki ni kaɗai."

Gaskiyarta ce. Ta tashi ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita, ba ta ƙara tako gidan nan ba har na fita takaba.

Muka ci gaba. Bakinsa ya saki, ya daina fuskantar bango, amma na lura da abu ɗaya. Ƙananan allurai yake ɗauka. Kullum moshtan, kullum konan, in ya yi ƙoƙari ya kai zolan. In magana ta zo kan dole ko an hana, sai muryarsa ta shige ciki, idonsa ya koma kan tabarma. Ga ranar tafiya Legas tana matsowa. Na ga in aka tafi a haka, abin da ya faru a karon farko shi zai sake faruwa.

Ranar da ya rage saura kaɗan ya tafi, kafin ya zo na ɗauko buzun Malam na shimfiɗa a tsakar ɗaki. Na laluba aljihun rigarsa da ke rataye, na sami guntun mazarƙwaila da ya bari, ta bushe ta yi tauri. Na zauna a kan buzun na miƙe ƙafa ɗaya, na ɗora rigar ɗinkin a gwiwa. Da ya yi sallama ya ɗaga labule ya gan ni, sai ya tsaya cak.

"Yau sunana Malam Ɗahiru," na ce. "Ina da ciwon suga, ƙafata tana ruwa. Bismilla, Likita."

Ya durƙusa a bakin ƙofa, daidai yadda ya yi a zaure.

"Yaya, a yi mini haƙuri. Wannan kam ba zan iya ba."

"Ƙafar nan ta daɗe tana ɗauke da ni kafin a haife ka. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Allah ya yi maka albarka. Tashi kada ka makara."

Ya sunkuyar da kai. Bai tashi ba. Na ɗaga mazarƙwailar na nufi baki da ita a hankali. Har ta taɓa leɓena bai ɗago ba. Sai na ga babu abin da zai ɗaga kan nan sai abu ɗaya, kuma a bakina yake, ni na riƙe shi tun ranar suna. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

"Habibu."

Ya ɗago kamar an mare shi.

"Habibu, dube ni. Ni na ajiye tawa kunyar. Ajiye taka."

Ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya taso daga bakin ƙofa ya zo har gabana, ya kama hannuna ya zare mazarƙwailar.

"Zi durfan nisht," ya ce. Muryar ta fito sosai.

"Ish bil nisht in je ko'ina," na ce, na haɗa da Hausa don nawa ya ƙare.

"Zi musan ins krankan haus."

"Faɗa da Hausa, ya ji."

"Baba, dole ne a tafi asibiti. Yau, ba gobe ba. Zaƙin nan an hana. Azumi ba za a yi ba. In an yi fushi da ni a yi, amma tashi za a yi mu tafi."

Ya kifa kansa a kan buzun ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Na ɗora hannuna a kansa. Rabona da taɓa kan nan tun ranar da Goggo ta goya shi. Da ya natsa na ce ya tashi ya wanke fuska mu sake, muka sake, muka kuma sakewa har aka kira magariba.

Ya bi jirgin ƙasa zuwa Legas. Kafin ya dawo na fita takaba. Ina tsakar gida ina shanya wanki na ji sallamarsa, bai tsaya a bakin ƙofa ba, ya shigo kai tsaye da jakarsa a kafaɗa.

"Yaya, tsohuwa suka zaunar mini, kanta fari fat. Ta ce ba ta so, ta ce ba za ta iya ba, har ta buga tebur."

"Sai ka ce me?"

"Na dube ta na gaya mata. Wallahi ko rabin taurin kanki ba ta kai ba."

"Ka ci ke nan?"

"Na ci."

Na saki zanin da ke hannuna ya faɗi a ƙasa, na toshe hanci na rangaɗa guɗa. Ni, uwar ɗan fari, a tsakar gida da rana. Matan makwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Na ce Habibu ne ya ci jarrabawa, na faɗi sunan yadda kowa zai ji. Da yamma sai ga Goggo, an kai mata labari. Ba ta dube ni ba, shi ta duba sama da ƙasa ta ce,

"Ni na raine ka, ta ina za ka faɗi? Sai a fara daka maka yaji da kuka, don na ji can ganye suke ci kamar awaki."

Ita ta haɗa masa kayan tafiya da hannunta, ba ta bari na sa hannu ba, ni kuma na bar mata.

Abin bai tafi a banza ba, na biya. Daga shekarar ba a ƙara kawo mini amarya ba. In na shiga gidan biki sai in ga ana taɓa juna. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne Goggo. Ya yi shekaru a can, yana aiko mana da muryarsa a kaset, mu zauna ni da ita a gaban rediyo mu saurara, ta sa a mayar a sake. Abin da ta ji tsoro shi ya faru, ta rasu bai dawo ba. Ba ita kaɗai ba ce a ɗaki, ni na yi jinyarta, amma ba ni take son gani ba. Ana gobe za ta cika ta ce mini,

"Ban ce kin yi daidai ba, Ramatu. Amma in ya dawo ki ce na yafe masa nisan."

Allah ya ji ƙanta. Ta fi ni haƙƙi a kansa, kuma ni na raba su.

Ya dawo, kun san sauran. Kun ga yadda tsofaffin birni ke cika bencin ƙofar ofishinsa. Har yau in dattijo ya shigo sai ya tashi ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi iyali da gajiya, ba ya rage komai. In an gama sai ya ja kujera ya dube shi a ido ya gaya masa abin da yake dole. Wasu su fita suna cewa yaron Malam Ɗahiru ya koyo tsaurin ido a Turai. Suna faɗa suna tafiya da ƙafafunsu biyu.

Bayan dawowarsa da 'yan shekaru ciwon ya zo kaina. Ƙishirwar nan, ramar nan, na gane ta tun kafin a auna. Azumi ya kama, na ɗauka ban gaya wa kowa ba, don tun ina budurwa ban taɓa sha ba sai da lalurar mata. Ana tsakar rana jiri ya kwashe ni a bakin rijiya. Aka kira shi. Ya zo ya auna ni, ya ɗebo ruwa a kofi ya zauna a gabana, ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru, sannan ya miƙo.

"Yaya, a sha."

"Rana tsaka? Saura kaɗan la'asar. Bari in kai wannan, gobe sai a duba."

"Ba za a kai ba. Za a ciyar a madadinsa, Allah ya yarda da haka."

Na dube shi, ya dube ni, bai kau da ido ba. Sai na ji tsohon yaren ya taso mini.

"Mus ish?"

"Zi musan."

Na karɓa na yi bismilla na sha. Duk shekarun da na ƙara bayan wannan, da na ga aurenku na goya 'ya'yanku a ciki, da ikon Allah daga kofin nan suka fito. Don haka in wani ya sake ce muku uwarku ta yar da kunya a cikin takaba, ku ce e, ta yar, kuma ta san inda ta yar da ita. Abin da ke sa ni kuka kawai shi ne mutum ɗaya da ya fi kowa bukatar jin kalmar nan bai ji ta ba, sai buzunsa ne ya ji. Allah ya haskaka kabarin Malam Ɗahiru, ya sada mu a inda babu ciwo.

Binta, ajiye alƙalamin haka ki miƙo mini ruwa. Lokacin maganina ya yi, kuma Habibu ya ce dole ne.